Riguna Biyu Na Annabi Yusufu: Shaidar Alama A Kotu Da A Ƙagaggun Labaranmu

A zaman karatu uku da reshen ƙungiyarmu ya yi bara, ɗaya a Gummi, biyu a Anka, an karanta mana labarai 11 waɗanda masu su ke shirin kai wa maɗaba'a. A cikin 8 daga ciki an aikata wani laifi a ɓoye, ko sata, ko sammu, ko cin amanar aure, kuma babu wanda ya gani da idonsa. Ke nan dole marubuci ya nuna mana hanyar da aka bi aka gano mai laifi. A daidai wannan gaɓa ce muka ga alƙaluman 'yan'uwanmu suna rawa, shi ya sa muka ga ya kamata mu ɗan yi tsokaci.

Mece Ce Shaidar Alama?

Shaida iri biyu ce. Akwai ta ganau, wanda zai ce a gabansa aka yi. Akwai kuma wadda malaman fiƙihu ke kira ƙarina, mu kuwa a nan za mu kira ta shaidar alama, wato wani abu tabbatacce da ke nuni zuwa ga wani abin da ba a gani ba. Wanda ya wayi gari ya tarar da tsakar gida jiƙe da ruwa kwance a kwata, ba ya bukatar a rantse masa cewa an yi ruwa da dare.

Mafi kyawun darasi a kan wannan yana cikin Suratu Yusuf. Rigar farko ita ce wadda 'yan'uwansa suka kawo wa mahaifinsu da jinin ƙarya a jikinta. Masu tafsiri sun ce Annabi Yakubu ya lura cewa rigar ba ta yage ba, to wane irin kyarkeci ne zai cinye yaro ya bar rigarsa lafiya lau? Riga ta biyu kuwa ita ce wadda matar Azizu ta yaga, har wani daga cikin danginta ya ba da shawarar a duba ko ta gaba ta yage ko ta baya. Da aka ga ta baya ce, sai aka gane cewa mai gudu aka janyo. Ga riga da aka shirya don ta yi ƙarya, ga riga da ta faɗi gaskiya, kuma duk biyun sai da aka yi musu tambaya kafin su yi magana. Malamai irin su Ibn Farhun, alƙalin Madina ɗan mazhabar Malikiyya, a littafinsa Tabsiratul Hukkam, sun kafa hujja da wannan ƙissa wajen halatta wa alƙali yin aiki da alamu.

Dokar ƙasa ma ta yarda da ita. Alal misali, sashe na 167 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar ɗauka cewa wanda aka kama da kayan sata jim kaɗan bayan an yi satar, ko dai shi ne ɓarawon, ko kuwa ya karɓa yana sane, sai fa in ya yi bayanin yadda suka zo hannunsa. To amma Kotun Ƙoli ta sha nanata sharaɗi, cewa kafin a ɗaure mutum da alamu kaɗai, wajibi ne su taru su nuna shi, shi kaɗai, ba tare da sun bar ƙofar wata fassara mai ma'ana ba.

Darasin Dareta Da 'Yargalma

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A farkon shekarar 2010 yara ƙanana suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara amai, ya shiga jijjiga, kafin a ankara ya cika. Babu wanda ya ga makashin. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta duniya, MSF, waɗanda ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka sami labari. Zato na farko shi ne sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro, kuma zato ne mai kyau, domin dukkansu suna kawo jijjiga. Aka ba da magungunansu, yara ba su daina mutuwa ba. Wannan ya rufe ƙofa biyu.

Daga nan sauran alamu suka fara haɗuwa. Mutuwar ta fi yawa a ƙauyukan da ake sarrafa dutsen zinari. A cikin ƙauyen ma, gidaje da yawa a tsakar gida ake dakan dutsen ana shanya garinsa. Waɗanda abin ya fi ci su ne 'yan ƙasa da shekara 5, masu rarrafe da kai hannu baki. Daga baya mutane suka tuna cewa agwagi sun riga yara ɓacewa, amma ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci a lokacin. Duk da haka likitocin ba su yanke hukunci ba sai da suka aika da jinin yaran Turai aka auna, aka tarar da gubar dalma mai yawan gaske. Binciken da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi tare da hukumomin Nijeriya a Dareta da 'Yargalma ya nuna yara 118 daga cikin 463 sun rasu cikin shekara ɗaya, wato kashi ɗaya bisa huɗu. Jimillar yaran da aka rasa a yankin ta kai 400 ko fiye. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, ƙauye bayan ƙauye, har aka kai ga Bagega a 2013.

Abin lura ga marubuci shi ne tsarin da aka bi. Mutuwar agwagi ita kaɗai ba ta tabbatar da komai, don annobar kaji ma tana yin haka. Jijjiga ita kaɗai ba ta tabbatar da komai. Ƙarfinsu ya zo ne daga cewa kowace alama ta fito ta hanyarta daban, suka haɗu a wuri guda, sannan aka bi sauran zato ɗaya bayan ɗaya aka kore su. Da an tsaya a kan alamar farko, da wataƙila wata tsohuwa aka kama da maita, ƙura kuma ta ci gaba da kisa.

Inda Alama Ɗaya Ta Kusa Cin Rai

A watan Oktoba na 2001 wata kotun shari'a a Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini Tungar Tudu hukuncin jefewa, a watan Maris na 2002 kuma kotun Bakori ta yanke wa Amina Lawal irinsa. Dukkansu zawarawa ne, kuma babbar hujjar da aka riƙe ita ce ciki, tare da iƙirarin da daga baya suka janye. Gaskiya ne a Malikiyya cikin macen da ba ta da miji alama ce mai ƙarfi. Amma mazhabar nan dai ita ce ta yarda da kwantaccen ciki, wanda zai iya ɗaukar shekaru har 5 ana danganta shi ga tsohon miji. Kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Sakkwato ta sallami Safiya ran 25 ga Maris 2002, ta Katsina kuma ta sallami Amina ran 25 ga Satumba 2003, kuma batun kwantaccen ciki yana cikin abubuwan da lauyoyinsu suka gabatar. Ƙa'idar ita ce ana ture haddi da shubuha. Muddin alama tana da fassara ta biyu, ba a zubar da jini a kanta.

Inda Marubutanmu Ke Tuntuɓe

Kuskure na farko shi ne yanke hukunci da alama guda. Maigida ya ɗaga matashi ya ga laya, nan take ya rubuta wa uwargida saki, kuma marubucin ya goyi bayansa har ƙarshen littafi. Ba wanda ya tambaya wa ke shiga ɗakin, wa ya share shi, wa zai amfana in ta fita. Mu kwatanta da wasan Otelo na Shekspiya da wasunmu suka karanta a sakandare. Otelo ya kashe matarsa Dasdamona saboda hankicinta da ya gani a wajen wani, alhali Iyago ne ya sa aka ɗauke shi ya ajiye a can. Bambancin shi ne mai kallo ya san hanyar da hankicin ya bi, don haka abin da yake koya shi ne tsoron gaggawa. Mai karatun labarin layar nan kuwa gaggawar yake koya.

Na biyu shi ne gudun wahalar bincike. Idan labari ya cije, sai muguwar kishiya ta haukace ta shiga kasuwa tana tona asirin kanta, ko boka ya yi iƙirari a bakin mutuwa, ko tauraruwa ta ga komai a mafarki. A labarai 5 cikin 8 ɗin nan haka aka warware. Mun yarda alhaki yana bin mai shi, amma idan kullum hauka ce ke bayyana gaskiya, me mai karatu zai yi a ranar da azzalumin unguwarsu ya ƙi haukacewa?

Na uku shi ne ɓoye wa mai karatu alama. Lauya ya miƙe a shafin ƙarshe ya fito da muryar da aka ɗauka a waya, wadda ba a taɓa ambaton ta ba, alƙali ya yanke hukunci kafin azahar. Wannan cin zalin mai karatu ne, domin an hana shi kayan aikin da zai yi tunani da su.

Amma kada mu yi rowar yabo. Wata 'yar'uwa daga Bukkuyum ta karanta mana labarin ragon layya da ya ɓace, aka bi sawu har bakin wata ruga, matasa suka ɗauko gora da adda. Sai wani dattijo ya tsuguna ya nuna musu cewa sawun ragon a jere yake, babu inda ya turje, ga kuma ɓurɓushin dusa a kan hanya, igiyar ma kwance ta aka yi, ba yankewa ba. Rago ba ya bin baƙo haka. Ashe ɗan gidan ne mai ba shi abinci. Tun a babi na biyu ta nuna mana yaron da ƙwaryar dusa da bashin caca a wuyansa, har wasunmu suka gane kafin dattijon ya buɗe baki. Haka ake yi.

Kammalawa

Wani zai ce ai labari ne kawai, don nishaɗi. Mu da ke zaune a yammacin Zamfara mun san ba haka abin yake ba. Tun da rikicin 'yan bindiga ya yi ƙamari, mun sha jin an kira mutum infoma don an gan shi ya sayi burodi da yawa ran kasuwa, ko don an kai hari ba a taɓa gidansa ba, kuma irin wannan zargi ya sha cin rayuka ba tare da an je gaban alƙali ba. Ɗalibanmu da ke karanta littattafanmu yau, su ne za su tsaya cikin taro gobe ana nuna wani da yatsa. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Don haka muke roƙon kowane ɗan'uwa, kafin ya ɗora wa tauraronsa laifi, ya tambayi alamar da ya ajiye: ta ina ta zo nan, wace alama ce ta daban ke mara mata baya, kuma wace fassara ce har yanzu ba a kore ba? In ya amsa waɗannan a cikin labarin, ya ba mai karatu abin da zai amfane shi bayan ya rufe littafi. Allah ya sa mu dace, amin.