Likita, Tambayi Abin da Ke Cikin Jakar Mara Lafiya

Ya zama ruwan dare ka ga mai fama da ciwon damuwa ko taɓin hankali yana shan maganin asibiti yana kuma haɗawa da wani abu daga gefe. A Turai da Indiya homiyofati ne ko ganyayyakin masu maganin tsirrai. A nan gida kuwa rubutu ne, ruƙiyya, habbatussauda, ko jiƙon saiwa. Ni dai abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda ake ɓoye wa likita wannan haɗin.

Homiyofati, wanda likitan Jamus Samuel Hahnemann ya ƙirƙiro a 1796, ana tsarma sinadarinsa da ruwa sau da yawa har a rasa ko ɗigonsa a ciki. Hukumar binciken lafiya ta Ostireliya ta bayyana a 2015 cewa babu cutar da aka tabbatar yana warkarwa, Faransa ma ta daina biyan kuɗinsa a 2021. Ƙwayarsa, wadda sukari ce kawai, ba ta karo da maganin asibiti. Illarta tana zuwa ne ranar da mara lafiya ya samu sauƙi, ya ɗauka ita ce ta yi aiki, ya watsar da maganin likita, ciwo ya dawo masa da ƙarfi.

Ganye kam ba wasa ba ne. Tsiron da Turawa ke kira St John's wort, in ya haɗu da maganin damuwa na fluoxetine, yakan tara sinadarin serotonin a jiki fiye da kima, a samu zazzaɓi, rawar jiki da ruɗewa, wani lokaci har rai ya salwanta. Mai shan maganin lithium kuma, jiƙon da ke sa yawan fitsari zai iya tara masa maganin a jini ya koma guba.

Hani da tsawa ba za su raba mutanenmu da malam ko mai magani ba. Likitan ƙwaƙwalwa Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya gane haka tun 1954 a Aro ta Abeokuta, inda ya jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki da su. Likitocin asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa, Dawanau da Kware su riƙa tambaya cikin mutunci: "Baba, ban da namu, me kake sha?" Addu'a a bar ta ta ci gaba, jiƙo a kawo kwalbar a duba, maganin asibiti kuma kada a daina shi sai likita ya ce a daina.