Laifin da A Ke Ɗora wa Rabi

Akwai wata kalma ta Turawa, feminizim, wadda ta shigo bakin 'yan boko, watau ra'ayin masu neman a ba mata hakkinsu. A ƙasar Hausa kalmar nan ta zama kamar kulki. Da zarar mace ta rubuta littafi ta ambaci wuyar da 'yan'uwanta su ke sha a gidan aure, sai a ɗauko kulkin a maka mata. A ce Turawa ne suka hure mata kunne, ta ƙi maza, ta ƙi aure, tana neman raba mata da addininsu. In ana wannan magana a kan nuna littattafan Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta Kano da yatsa, cikinsu har da Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990. Ya kamata a buɗe littafin a duba ko laifin da a ke faɗi yana ciki.

Labarin ba shi da wuyar bi. Rabi matar wani ɗan kasuwa ce, Alhaji Abdu, ta haifa masa 'ya'ya tara. Yana da abin hannunsa, amma kuɗin cefanen da ya ke ajiyewa ba su isar gidan, sai ita ke faɗi tashi ta cika. Ana nan sai ya auro Delu, wata tsohuwar karuwa, ya sakar mata aljihu. Da rikici ya tashi tsakanin kishiyoyin, ya saki Rabi, ya kore ta ita da 'ya'yanta. Ta kama sayar da abinci, da shi ta riƙe yaran, har 'yarta Saudatu ta auri wani attajiri mai mutunci, Alhaji Abubakar. Daga baya gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, zamansa da Delu ya watse, ya wayi gari ba shi da ko anini.

To, mai karatu ya lura da mudun da littafin ya auna Alhaji Abdu da shi. Ci da sha ne, da sutura, da muhalli, da adalci tsakanin matan gida, da ɗaukar nauyin 'ya'ya. Duk almajirin da ya kai babin aure cikin Risala a zauren malaminsa ya san waɗannan hakkoki ne da shari'a ta ɗora a wuyan miji tun kafin a ji ɗuriyar Bature a ƙasar nan. Wanda ya ce ambatonsu baƙon ra'ayi ne, lalle ya kamata ya koma zaure. Batun ƙin maza da ƙin aure kuwa, amsarsa tana wurin Saudatu. Yarinya ce mai ladabi da ibada, ladan da marubuciyar ta tanadar mata kuwa miji ne na kirki. Wadda ta ƙi aure ba ta saka wa tauraruwarta da aure ba.

Har wa yau kukan ba sabo ba ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman zamaninsa cikin Nurul Albabi da barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna karantar da ɗalibai dare da rana. 'Yarsa Nana Asma'u ta naɗa jajoji, su ke jagorar 'yan taru, suna kai karatu ƙauyuka wurin matan da ba su iya zuwa gare ta. Ta rasu a 1864, shekara 54 kafin waɗansu matan Ingila su sami damar jefa ƙuri'a a 1918. Nana ba ta san kalmar Turawan nan ba, kuma zai zama ƙarin gishiri a laƙaba mata ita. Abin nufi dai, macen Kano da ke neman hujja ba sai ta haye teku ba. Balle ita marubuciyar, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da shekara 13, sai daga baya ta nemi karatu a ajin manya. Da Hausa ta rubuta, matan da ke cikin gidaje ta ke yi wa magana.

Inda littafin ya ke da rauni wani wuri ne dabam, wanda masu kulki ba su duba ba. Gobara ce ta durƙusar da Alhaji Abdu. Rabi kuwa, ko da ya ke guminta ya riƙe ta, suruki mai dukiya ne ya ƙarasa share mata hawaye. Wannan ya yi daidai da karin maganar da aka yi wa littafin suna da ita, yana kuma sanyaya zuciya. Amma sakakkiyar da ke karanta shi a Fagge ko Gwammaja, wadda shagon tsohon mijinta bai ƙone ba, ba ta kuma da kyakkyawar 'ya da attajiri zai gani, me za ta ɗauka? Marubuciyar ta kai ƙara da hujjar shari'a, sa'an nan ta bar wa ƙaddara yanke hukunci. Nan alƙalaminta ya ɗan yi sanyi.

Ƙarshen labarin kuma shi ne zai ba masu ma'aunin Turai haushi, musamman tun da Aliyu Kamal ya juya littafin zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Za su so Rabi ta rufe ƙofarta. Ba haka aka yi ba. 'Yan'uwa suka taru suka matsa mata, ta koma wa Alhaji Abdu ba da son ranta ba. A nan marubuciyar ba ta yi wa kowa kara ba, gama ta nuna wanda shawara ta ke hannunsa ko bayan gaskiyar mace ta bayyana. Rabi ta koma, amma tukunyar da ta kafa sa'ad da aka kore ta, ita ce ke ciyad da wanda ya kore ta.