Boka Baƙi, Malam Fari: Sharhi a kan Wani Wasan Kwamfuta da Ɗan Arewa Ya Ƙera

A hutun daminar da ta gabata, wani tsohon ɗalibina da yake karatun lissafi a Yamai ya yi mini sallama bayan la'asar, rataye da kwamfutarsa. Da muka gama gaisawa sai ya ce, "Mushe, wani ɗan aiki na yi, ina so ku duba mini shi kamar yadda kuka saba duba mana rubutu, da jan bik." Na ɗauka waƙa ce ko gajeren labari. Ashe wasan kwamfuta ne, wanda ya ce ya fi shekara yana ƙera shi da dare, shi kaɗai, ba don kuɗi ba. Kwana uku na yi ina bugawa, ɗan autana yana taimaka mini domin yatsuna ba su saba ba. Da yardarsa nake wannan sharhi. Ya roƙi in sakaya sunansa, wasan kuwa bai raɗa masa suna ba tukuna.

Ga ƴan'uwa malamai da ba su san irin wannan wasa ba, ga yadda yake. Mai bugawa yana jan ragamar wasu jarumai kaɗan, galibi huɗu, suna ratsa gari da daji, suna tambayar mutane labari, suna karawa da dodanni. Kowane jarumi da fannin da ya ƙware a kai: wannan mai ƙarfin sara ne, wancan mai jifa da wuta, wancan mai warkar da rauni. Idan faɗa ya tashi, bi da bi ake yi kamar dara: ka ba kowa umurni, abokin gaba ya mai da martani, a sake zagayowa. Kowa yana da ma'aunin rai, wanda yaranmu suke kira jini, in ya ƙare ya faɗi. Faransawa suna kiran fannin kowane jarumi da kalmar da suke kiran aji da ita. Japanawa kuwa sana'a suke cewa, kuma ita na ɗauka, domin ta fi zama daidai a bakin Bahaushe. Taron jaruman zan kira shi ayari.

Asalin tsarin ba a kwamfuta yake ba. A 1974 ne Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ake yi da takarda da ƴaƴan ƙuri'a, mai sana'o'i uku: mayaƙi, matsafi da malamin coci. Aka ƙara ɓarawo a 1975. Daga nan tsarin ya shiga kwamfuta, Wizardry na 1981 ya zo da ayarin mutum shida, sannan Final Fantasy na kamfanin Square na Japan, a 1987, ya ba mai bugawa damar zaɓar huɗu daga sana'o'i shida, ciki har da baƙin matsafi mai halakarwa da farin matsafi mai warkarwa. A riƙe waɗannan biyun, za mu komo kansu. Abin da ya buɗe wa masu sha'awa ƙofa shi ne manhajar RPG Maker, wadda ta fara fitowa a Japan a 1992. Da ita mutum zai iya haɗa wasa ba tare da ya iya rubuta harshen na'ura ba, domin tana zuwa da jarumanta da dodanninta da fadojinta irin na tsohuwar Turai, duka a shirye. Da ita ɗalibin nawa ya yi aiki, kuma a nan alherin yake, a nan ma tarkon yake.

In fara da yabo, domin ya cancance shi. Yaron ya share fadojin Turawa ya zana ƙasarsa da hannunsa: duwatsun nan masu shimfiɗaɗɗen kai da suka yi wa Dogon Dutsi rumfa, kwarin dallol da gawo da giginya, rumbunan hatsi, rijiya da mata a bakinta. Mutanen gari suna magana da Arewanci tsantsa, har wata tsohuwa mai sai da ƙuli ta ƙi gaya mini hanya sai da na gaishe ta yadda ya kamata. Wannan dabara ta fi mini darasin tarbiyya goma. Akwai kuma wata karawa da kuraye a bakin tabki, inda dole sai ka kare mutum guda har zagaye uku kafin ya gama haɗa abin da zai kore su. A nan na gane daɗin wasan: ba wanda ya isa shi kaɗai. (Sai dai haruffansa ba su da lanƙwasa, ƙafa ta koma kafa, ɗaki ya koma daki. Jan bik ya yi aiki a nan.)

Matsalar tana cikin ayarin. Mutum huɗu ne: Jarumi, Ɓarawo, Boka da Malam. Ba sai an yi dogon bincike ba za a ga cewa jaruman manhajar ne aka sauya wa riga. Mai sulken ƙarfe ya zama Jarumi, baƙin matsafi ya zama Boka, farin matsafi ya zama Malam. Boka yana sanye da baƙi, yana aika wuta da dafi da makanta, ba ya warkar da kowa. Malam yana sanye da fari, yana mai da jini, yana ta da wanda ya faɗi, ba ya cutar da kowa.

Na tambaye shi, "Ɗana, wane boka ka taɓa gani a Matankari wanda ba ya ba da magani?" Ya yi dariya, ya ce haka tsarin yake. To, haka yake a Japan. A ƙasar Hausa kuwa boka tun asali mai magani ne, masanin saiwa da sassaƙe, wurinsa ake kai mai ciwon da ya ƙi ji. Shi ma malam ba a bayan fage kawai yake ba: layar da mayaƙi yake ɗaurawa a damtse, da rubutun da yake sha kafin ya fita, daga hannunsa suke fitowa. Kowanensu ana zuwa wurinsa neman tsari, kuma kowanensu akwai baragurbin da ake zuwa wurinsu da mugun nufi. Ba fatawa nake bayarwa ba, wannan fagen masu shi ne. Magana nake a kan gaskiyar hoto. Raba aikin gida biyu, a ba ɗaya fari ɗaya baƙi, hukunci ne aka yanke ba tare da an yi shari'a ba, kuma a ƙasar Arewa wannan hukunci yana da nauyin da ba shi da shi a Tokiyo. Nan ne ƙasar Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji. Nan Marc-Henri Piault ya tattara tarihin da ya buga a 1970, nan kuma Adeline Masquelier ta zauna ta rubuta littafinta na 2001 a kan yadda bori yake ja da baya a gaban musulunci a cikin garin Dogon Dutsi. Gidaje nawa ne a nan da kaka take ƴar bori, jika kuwa mahaddaci, suna cin tuwo a ƙwarya ɗaya cikin wani irin haƙuri da juna da aka daɗe ana saƙawa? Yaro ɗan shekara goma sha biyu da zai buga wasan nan zai koyi cewa kakarsa tana cikin rukunin masu baƙar riga, ba don mai wasan ya yi nufin haka ba, sai don bai tsaya ya tambayi kayan aron da ya ɗauko ba.

Ɓarawo ba zan daɗe a kansa ba. A labaran Turai yana da farin jini, a wurinmu kuwa ba uban da zai so ɗansa ya zaɓi wannan suna. Aikin da yake yi a wasan, wato bin sawu, gano tarko da shiga inda ba a gani, aikin maharbi ne, kuma maharbi yana da kirarinsa da asirinsa da martabarsa a daji.

Akwai wata tambaya da kalmar sana'a take tayarwa wadda wasan ya tsallake. A farkonsa ana ce maka ka zaɓa wa kowa abin da zai zama, kamar mai zaɓen hula a kasuwa. Amma Bahaushe ya san bambancin ɗan gado da ɗan haye. Ƙira, wanzanci, fawa da kiɗa a gida ake tarar da su, kuma har yau akwai auren da yake fasuwa saboda sana'ar kakan ango. Ba ina cewa a mai da wasa gidan yari, kowa ya mutu a inda aka haife shi ba. Cewa nake labarin yana nan kwance ba a taɓa shi ba: ɗan maƙeri da yake son takobi maimakon uwar maƙera, da abin da zai biya kafin mayaƙa su yarda ya zauna a tabarmarsu. Masu Aurion, wasan da kamfanin Kiro'o Games na Yawunde ya fitar a 2016, sun gane wannan, domin ƙarfin jaruminsu daga gadon kakanni yake fitowa. Mu da muka fi kowa maganar gado bai kamata a riga mu ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wanda babu shi. Yaƙi a ƙasar Hausa ba makaɗi! Duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa, tun daga na ƙauye har zuwa gasar takobi ta ƙasa da aka fara a Tawa a 1975, ya ga yadda ɗan kokowa yake canzawa idan aka kaɗa takensa. Ba shi kaɗai yake shiga fili ba, akwai mai ganga, da mai kirari, da mai tofi a bayansa. Wannan ai ayari ne a shirye, kowa da aikinsa. A harshen wasan ma abin yana da sauƙi: makaɗi ya buga take, ƙarfin jarumi ya ninka, in kuwa jarumi ya juya da baya, makaɗin nan ne zai yi masa zambon da zai bi shi har gida. Ban san wata sana'a a wasannin waje da take ƙarfafa ka kuma take tsare ka da kunya a lokaci guda ba. Haka ma fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sun bar mana tsari: madugu mai yanke shawara da sasantawa da sarakunan hanya, jagaba mai shiga gaba, uban dawaki, da malamin da yake riƙe da lissafi. Ayarin da nasararsa ita ce ya isa da kaya lafiya, ba ya kashe duk abin da ya gani ba, zai ba da wani irin wasa dabam. Su ma mayaƙan sarakuna ba jarumi ɗaya ba ne, akwai ƴan lifida, da barade, da ƴan baka, da dakaru.

Saura babi na ƙarshe, wanda ya fi kowane buri kuma ya fi kowane rauni. Ayarin ya isa Lugu, Sarauniya ta shiga cikinsa, aka kara da wani Bature mai jan ido a matsayin babban dodo. Abu na farko, an ajiye Sarauniya a sahun baya tana warkar da maza, domin a al'adar waɗannan wasanni can ne mazaunin mace. Wanda ya karanta littafin Abdoulaye Mamani na 1980, ko ya kalli fim ɗin Med Hondo na 1986 da ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987, ya san ba a nan suka tsayar da ita ba. Ko da mun yarda cewa marubucin ya ƙara gishiri a kan abin da tsofaffin Lugu suke faɗi, ba wanda ya taɓa mai da ita mai ɗaure wa wasu rauni.

Abu na biyu ya fi zurfi. Dokar wannan wasa ita ce daidaito: dole a auna ƙarfin dodo yadda mai haƙuri zai iya kayar da shi. Ni ma a gwaji na huɗu na kayar da Baturen, aka buga mini kiɗan nasara. Amma abin da ya faru a Lugu a watan Afrilu na 1899 ba shi da daidaito ko kaɗan. Kibau ne suka fuskanci bindigogin rundunar Voulet da Chanoine. Mutanen Lugu sun tsaya, sun yi wa rundunar ɓarna, sannan suka janye cikin kurmi, aka ƙone garin. Rundunar ta wuce ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni a watan Mayu. Ba a fagen fama ta karye ba, daga cikinta ta ruɓe: ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanal Klobb da Faransa ta aiko ya tsayar da shi, cikin kwana uku kuma sojojinsu da kansu suka kashe shi da Chanoine a wajen Maijirgi. Wasan da ya bar yaro ya ci wannan yaƙi da sara huɗu da tofi biyu ya ba shi daɗi, amma ya ƙwace masa abin da ya sa ake tuna ranar, wato tsayawar mutanen da suka san ba su da rinjaye. Ga shi kuwa mai wasan ya riga ya ƙirƙiro maganin da kansa a bakin tabkin kuraye. Da ya maimaita dabarar a nan, ya ce nasara ita ce a riƙe mashigar gari zagaye goma har mata da yara da tsofaffi su shige kurmi, da ya sami faɗan da ya fi tsanani kuma bai yi wa tarihi ƙarya ba.

Na karanta masa waɗannan duka a zaure kafin ya koma Yamai. Ya karɓi maganar Lugu nan take, ya ce Boka da Malam zai sake musu zubi, kowa ya iya warkarwa ta hanyarsa. A kan makaɗi muka yi ja-in-ja. Ya ce fagen faɗan mutum huɗu ya tsara shi, in ya ƙara na biyar sai ya sake auna kowane dodo tun daga farko, aikin wata uku ke nan ga kuma jarrabawa a gabansa. Na ce to a cire Ɓarawo. Ya ce, "Mushe, in na cire shi, wa zai buɗe akwatuna?" Na ce a ba maƙeri. Ya ƙirga da yatsu, ya ce ai sun koma biyar ke nan.