Legas da Sambisa a Mintocin Farko na Finafinan Marvel

A minti goman farko mai shirya fim yake zaɓa wa mai kallo wanda zai so, da wanda zai tausaya wa, da wanda zai mutu a gabansa bai ko lura ba. Ba da baki yake faɗa ba, da kyamara yake yi. Fuskar da aka matso kusa da ita ta zama mutum, wadda aka bari can baya cikin ƙura ta zama taron jama'a. Shi ya sa nake son mu mazauna Ketu da Mile 12 da Agege mu sake duban yadda kamfanin Marvel ya buɗe finafinansa guda biyu, domin a dukansu an nuna ƙasarmu tun a farko-farko, kuma samarinmu masu sha'awar harkar fim daga irin waɗannan suke ɗaukar darasi.

Na farko shi ne Captain America: Civil War na shekarar 2016, wanda 'yan'uwan nan biyu, Anthony da Joe Russo, suka ba da umarni. Ya fara da ɗan gajeren abin da ya faru a 1991, inda aka tashi Bucky, tsohon abokin Kyaftin Amurka, daga daskarewa a wani sansani a Saiberiya, aka karanto masa kalmomi daga wani jan littafi, aka tura shi ya tare wata mota a kan hanya da dare. Ba a nuna mana waɗanda ke cikin motar ba, sai can gab da ƙarshen fim za mu san iyayen Tony Stark ne. Daga nan sai sunan Legas ya cika allo da manyan fararen haruffa.

Dubi yadda aka tsara shigar. Jaruma Wanda tana zaune a wani wurin shan shayi tana juya cokali a kofi, Natasha tana can gefe da tabarau, Kyaftin yana leƙe ta tagar bene, Sam yana saman rufi. Babu wanda ya tsaya gabatar da kowa. Daga maganar da suke yi ta na'urar kunne ka gane wane ne babba, wace ce ɗaliba, kuma me suke jira. Sun zaci ofishin 'yan sanda za a kai wa hari, sai ga motar kwasar shara ta nufi ƙofar wata cibiyar binciken cututtuka. Da faɗa ya kaure, mai ɗaukar hoto Trent Opaloch ya sa kyamara ta riƙa rawa a hannu, mai tace fim kuma ya yanyanka hoton gajeru-gajeru, har ka ji kamar kai ma a tsakiyar turmutsitsin kake. A ƙarshe bos ɗin maharan ya ambaci sunan Bucky, Kyaftin ya ɗan shagala, bos ya tayar da bam ɗin da ke jikinsa, Wanda ta ɗaga wutar sama don ta ceci 'yan kasuwa, sai ta fashe a jikin wani bene mai mutane. Kyamara ta tsaya cak a kan fuskar Wanda, hannunta a baki.

Ba na musun gwanintar. Cikin ƙanƙanen lokaci an nuna mana raunin Kyaftin, an ɗora wa Wanda laifin da za ta yi ta ɗauka, an kuma haifar da dalilin da ya sa ƙasashe 117 suka nemi a sa wa jaruman takunkumi, wanda shi ne ya raba kansu. Duk fim ɗin daga wannan fashewa ya tsiro.

Amma su wa suka mutu? Da aka zo labarai a talabijin cikin fim ɗin, adadin da aka jaddada shi ne 'yan Wakanda 11 da ke aikin agaji, mutanen wata ƙasa da ba ta wanzu ba. Sarkinsu ne ya fito ya yi magana. Mutumin Legas ko ɗaya ba a ba shi suna ba, ba a nuna mana uwar da ta rasa ɗa a nan ba. Uwar da aka ba dama ta tare Tony Stark ta nuna masa hoton ɗanta, Ba'amurkiya ce, ɗanta kuma a Sokobiya ya mutu. Ita kanta kasuwar a Atlanta ta Amurka aka gina ta. An yi ƙoƙari wajen laima da rumfuna da motoci masu ruwan ɗorawa, amma amfaninta ɗaya ne, a samu tebur da za a kife da mutanen da za su watse da ihu. Ba wannan fim ne ya fara ba, X-Men Origins: Wolverine na 2009 ma a farko-farkonsa ya kawo jarumansa Legas suka gwada ƙarfi a kan masu gadi, suka wuce.

Wanda ya taɓa kwana a Mile 12 ya san kasuwa ba haka take ba. Tun kafin kiran assalatu tireloli daga Kano da Katsina da Sakkwato suke jere, injinsu bai gama hucewa ba. Yaron mota ya hau sama yana miƙo kwandon tumatir, ɗan dako ya gyara gammo ya karɓa, wuyansa ya ɗan lanƙwasa kafin ya daidaita, ya bi ta cikin caɓi da takalmin roba ba tare da ya dubi ƙasa ba. Dillali ya ɗaga ganyen da aka rufe bakin kwando, ya danna tumatir ɗaya da babban yatsa, tun bai yi magana ba mai kaya ya san ko tafiyar kwana biyu ta cinye masa riba. Wata Iya da ta zo sari tana ciniki da Hausa, Alhajin da ke sayarwa yana mayar mata da Yarabanci. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da bashin da ke kansa da iyalin da ke jiran aike. A watan Maris na 2016, wata biyu kafin fim ɗin ya fito a Amurka, rikici ya ɓarke a wannan yanki, aka rasa rayuka, gwamnatin jihar ta rufe kasuwar na ɗan lokaci. Mutanen nan sun san yadda gudu a cikin kasuwa yake, kuma sun san sunayen waɗanda suka faɗi.

Black Panther na 2018, wanda Ryan Coogler ya ba da umarni, Rachel Morrison ta ɗauki hotonsa, ya fi Civil War wayo nesa ba kusa ba, kuma buɗewarsa ce nake so samarinmu su zauna su yi nazari. Allo baƙi ƙirin. Muryar yaro ce kawai, yana roƙon babansa ya ba shi labarin gida. Sai uban ya fara, hoton kuma ya riƙa tasowa daga wani irin baƙin yashi mai motsi: dutsen da ya faɗo daga sama, ƙabilu biyar, jarumin da ya ci tsiron da ya ba shi ƙarfi, Jabari da suka ƙi mubaya'a suka hau duwatsu, sannan jiragen bayi da yaƙe-yaƙen duniya, Wakanda kuma ta ɓuya. Duk Bahaushen da ya taɓa zama gaban kakarsa bayan sallar isha'i ya san wannan tsari, tatsuniya ce, daga baki zuwa kunne, cikin duhu. Yaron ya ƙare da tambayar dalilin ɓuyan, ba a ba shi amsa ba.

Daga nan aka sauke mu a Oakland a 1992, yara suna wasan ƙwallon kwando da wani akwatin roba a madadin raga, kyamara ta bar su ta haura zuwa wani ɗaki a saman bene inda sarkin Wakanda ya zo tuhumar ƙaninsa. Da aka gama, aka dawo kan yaro ɗaya yana kallon fitilun jirgi suna ɓacewa cikin gajimare. Mai kallo yana zaton muryar farko ta jarumin fim ɗin, T'Challa, ce da mahaifinsa. Sai daga baya ka fahimci Killmonger ne, wato bos ɗin fim, yake sauraron labarin gidan da aka hana shi. Kafin ka san ko wane ne shi, an riga an sa ka tausaya masa. Ban san wata dabarar buɗe fim da ta fi wannan daraja mai kallo ba.

Sai kuma aka zo dajin Sambisa. An rubuta sunan a allo, aka nuna ayarin motoci da dare, mata sanye da hijabi a bayan babbar mota, 'yan bindiga suna gadinsu. T'Challa ya diro daga jirgi, ana ganinsa ne kawai a hasken harsasai, cikin 'yan mintoci ya gama da su. Akwai abu ɗaya mai kyau a ciki, inda masoyiyarsa Nakia ta hana shi kashe wani ɗan bindiga saboda yaro ne, shi ma sato shi aka yi. Wanda ya rubuta wannan ya fahimci wani abu game da yaƙin Borno. Amma dalilin zuwan jarumin shi ne ya ɗauki Nakia ta halarci naɗin sarautarsa, kuma abin da fitowar ta fi mayar da hankali a kai shi ne yadda ya daskare da ya ga masoyiyarsa. Aka gargaɗi matan kada su faɗa wa kowa, aka bar su a daji da dare. Dajin ma an cika shi da ganyaye masu duhu irin na kurmi, alhali Sambisa dajin ƙaya ne da ciyayi. Daga nan jirgi ya nufi Wakanda da fitowar rana, muryar Baaba Maal na Senegal tana tashi. Duhun nan da hasken can ba haɗari ba ne, tsari ne: an sa Borno a duhu don Wakanda ta ƙara haske.

Fim ɗin ya fito ranar 16 ga Fabrairun 2018. Ranar 19 ga wata aka kwashe 'yan mata 110 daga makarantarsu a Dapchi, shekara huɗu ba ta cika ba da ɗaukar 'yan matan Chibok 276. Jama'a suna cika sinimomin Ikeja da Lekki suna tafi, a wannan makon iyaye a Yobe suna neman 'ya'yansu. Ba na cewa kada a ji daɗin fim ɗin, ni ma ina ƙaunarsa, kuma Ludwig Göransson ya cancanci kyautar Oscar da ya samu a kan kiɗan da ya gina bisa gangar tama, 'yar'uwar kalangunmu. Abin da nake cewa shi ne, ko fim ɗin da ya fi kowanne girmama Afirka, da ya zo kanmu, ɗan dandalin motsa jini ya mayar da mu.

Abin da ya fi damuna yana gida. Yanzu kowane saurayi mai waya yana iya haɗa bidiyo, kuma a wajen masu tura finafinai a Agege da Ketu, inda ake loda wa mutane fassarar Algaita da finafinan Kannywood masu dogon zango, za ka ga irin buɗewar da ta zama yayi. Jirgi marar matuƙi ya tashi ya nuno gari daga sama, kiɗa mai razanarwa ya biyo, a rage saurin hoto jarumi ya fito daga mota ana nuna takalminsa kafin fuskarsa, sai wata murya mai kauri ta yi ta bayanin rayuwa. Minti biyar sun wuce ba ka san abin da kowa yake so ko yake tsoro ba. Wani ƙanena da ke wannan sana'a ya nuna mini nasa, ya ce, “Yaya, ka ga yadda na ɗauko gadar Ketu daga sama?” Na ce masa hoton ya yi kyau ƙwarai, amma daga can sama kowa ɗigo ne, wa kake so in bi? Ya ɗauki kasuwar da mahaifinsa yake ciki daga nesa, daidai yadda baƙo zai ɗauke ta.

Kayan aro ba ya rufe katara. Mun ari jirgin da rawar kyamarar, abubuwan da kuɗi ke saye, mun bar abin da ba ya cin ko sisi. Buɗewar Black Panther ta fara da baƙin allo da muryoyi biyu. Wakanda Forever na 2022, wanda aka yi bikin nuna shi a nan Legas, shi ma da duhu ya fara, da addu'ar Shuri, sannan tambarin Marvel ya wuce shiru babu kiɗa, don girmama Chadwick Boseman da ya rasu a 2020. Furodusan da ba shi da kuɗin hayar jirgi yana iya yin wannan.

Kuma ba mu rasa jarumai ba. Littafin Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya fara gabatar da gwarzonsa a matsayin wanda ba ya iya tafiya, don haka duk ƙarfin da ya zo daga baya mai karatu ya san darajarsa. Labarin Bayajida yana da rijiyar Kusugu da mutanen Daura da ba sa samun ruwa sai ranar Juma'a. Duk wanda zai mayar da shi fim, ina roƙonsa ya fara da matar da ke zaune da tulu babu ruwa tana lissafin kwanakin da suka rage, kafin ya nuna mana doki da takobi. Roye Okupe ya riga ya ɗauki Sarauniya Amina ya gina Malika a kanta a littattafan zane, ke nan wasu sun ga abin da muke da shi.

Buɗewar fim kamar zaure ce, a nan ake gane wane ne mai gida, wane ne baƙo, wane ne kuma aka bari a waje. Coogler ya yi wa yaran Oakland abin da ya yi ne domin garinsu ne, a can aka haife shi, ya san filin ƙwallon da benen. Ba zai san ɗan dakon Mile 12 haka ba, kuma ba na jiran ya sani. Ƙanena ya san shi, suna cin abinci wajen mai shayi ɗaya. Na ce masa a bidiyonsa na gaba ya ajiye jirgin, ya tsaya a gindin tirela da asuba, ya sa kyamara daidai tsayin idon mutumin da zai karɓi kwando na farko, ya bar mu mu ji an kira shi da sunansa, mu kuma san nawa ake binsa kafin rana ta faɗi.