Injiniyoyin da Ba Su Gaji Sana'ar Ba

Maƙeri ya gaji uwar maƙera, marini ya gaji karofi a Ƙofar Mata, amma babu wanda ya gaji gyaran wayar salula a Kano. Sai a 2001 MTN da Econet suka fara sayar da layi a Najeriya. Duk wanda ka ji ana ce masa "Injiniya" a kasuwar waya ta Fam Santa da ke Tarauni, ko dai shi ya ƙwaƙulo sana'ar da kansa, ko ya zauna gaban wanda ya ƙwaƙulo ta.

Samari daga Ƙauyen Alu da Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku suna cikin masu yin sammako zuwa can, tafiyar adaidaita sahu ce 'yar gajeriya. Yaro zai fara da aike da manna gilashin kariya. Can Oga ya yarda ya canza batir, daga nan sikirin, daga nan bakin caji. Da yawa a nan suke tsayawa, kuma suna cin abinci, ba laifi. Sai dai wannan canji ne kawai, gyara yana gaba.

Gwanintar tana bayyana ne ran da aka kawo wayar da ta mutu murus. Mai ita ya ce, "Injiniya, ta faɗa ruwa, tun jiya ba ta kawo wuta ba." Gwani ba ya gaggawar cewa fanel ya ƙone. Zai buɗe ta, ya wanke tsatsar da buroshi da sifirit, ya jona ta da na'urar ba da wuta yana kallon abin da take ja. In tana zuƙar wuta tun ba a kunna ta ba, ya san wani abu ya haɗe a ciki. To, wanne ne cikin ɗaruruwan ƙananan sassan fanel? Sai ya turara fanel ɗin da hayaƙin ƙaron liƙa dalma har ya yi fari fat, ya sake sakar masa wuta kaɗan. Wurin da farin ya fara narkewa, nan zafin yake, nan cutar take. Sau tari abin bai kai ƙwayar gero ba. Da bulowa da ɗan hantsaki zai ɗauke shi, yana riƙe numfashi, don iska in ta yi yawa sai ta kwashe na kusa da shi. Waya ta kawo haske, hotunan biki da lambobin abokan ciniki su dawo wa mai su.

Ba a koyon wannan a wata guda. Wanda ya iya, ya kashe matattun wayoyi ba adadi yana gwaji, ya ƙona yatsu, ya sha faɗan Oga, wataƙila ma ya biya kuɗin wayar wani daga aljihunsa. Da dare yana kan YouTube yana kallon masu gyara na Indiya, ba ya jin yarensu amma yana bin hannunsu. Kuma karatun ba ya ƙarewa: wanda ya ƙware a Nokia 3310 ya zauna a nan, Tecno da Infinix da iPhone sun wuce sun bar shi.

Ni a ganina, abin da ke raba mai canji da mai gyara tambaya ce guda: me ya jawo? Mai naci ba ya iya barci bai gano ba. Irinsu ne tun suna ƙanana ake kuka da su a gida, wai sun cika ɓarna, sun kwance rediyon Baba, sun farke tocila.

Don haka iyaye, in Allah ya ba ku irin wannan yaro, ko yarinya, a rage bulala. A nemo masa matacciyar waya da ɗan sukundireba, ranar da babu makaranta kuma a kai shi wurin Ogan da aka yarda da amanarsa.