Ƴan sandan cikin jini: fim ɗin Barillé a ajin SVT

Duk wanda ya zauna ajin SVT a kolej ko lise ya san yadda abin yake. Mushe ya zana zuciya da alli a tablo, mu kwafe cikin kaye, mu haddace sunayen ɗakunanta huɗu da Faransanci, ran jarrabawa mu amayar. Jini kuwa yana tafiya, alli ba ya tafiya. Shi ya sa ake ta cewa a kawo zane mai motsi cikin aji, kuma wanda bakin mutane ya fi zuwa kansa shi ne "Il était une fois... la Vie", wanda Bafaranshe Albert Barillé ya fitar a 1987, kashi 26.

Ni dai ina son fim ɗin, ba zan ɓoye ba. Jajayen ƙwayoyin jini sun zama ƴan dako, kowa da kumfar iskar oksijan a goye. Farare sun zama ƴan sanda masu sintiri. A ƙwaƙwalwa ga tsoho Maestro da farin gemunsa har ƙasa, yana ba da oda. Yaron da ya bi ƴan dakon nan daga huhu zuwa zuciya, daga zuciya zuwa sassan jiki, su sauke oksijan su ɗauko iskar karbon, wallahi da wuya ya sake rikita hanyar jini.

To amma daɗin nan shi ne tarkon. Ƙwayar jini ba ta da ido, ba ta da niyya, ba ta san inda za ta ba. Bugun zuciya ke tura ta. Oksijan yana maƙale ne da ƙarfen da ke cikin hemoglobin, kuma yana ratsawa daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan, ba tare da wani ya aike shi ba. Ɗalibin da ya tashi da hoton ɗan dako a kai, in aka tambaye shi dalilin da oksijan ke shiga tsoka, sai ya ce "don tsoka tana bukata". Wannan tatsuniya ce, kuma mai gyaran takardar bak ba zai ba shi maki a kanta ba.

Abu na biyu, fim ɗin ya fi nuna bakteriya a matsayin ƴan daba masu mummunar fuska. Alhali su ke mayar da madara ta zama nonon da muke dama fura da shi, kuma cikin hanjinmu akwai tarinsu masu taimaka mana. Yaron da aka koya wa cewa jiki fagen yaƙi ne kawai, shi ne gobe zai riƙa sayen kafso a tebur da zarar mura ta kama shi, ga shi kuwa maganin bakteriya ba ya taɓa ƙwayar mura.

Sannan ba don ɗan Maraɗi ko Damagaram aka yi shi ba. Mu abin da ke cin jininmu sananne ne: zazzaɓin cizon sauro, wanda ƙwayarsa ke fara sauka a hanta kafin ta shiga jajayen ƙwayoyi ta farfasa su, da kuma sikila, inda ƙwayar ke lanƙwashewa kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi. A nan ne motsi zai yi mana rana, a ce masu zanenmu sun ɗauka sun yi da Hausa.

Kafin nan, ga roƙona ga malamanmu. In an samu kuran da majigi, kar a saki kashi guda ya ƙare mu watse. A nuna minti biyar, a tsayar, a tambaye mu: me ke gaskiya a nan, me mai zane ya ƙara? Wanda ya iya tuɓe wa farar ƙwaya kayan ɗan sanda, ya faɗi abin da ya rage, shi ne ya gane darasin.