#CripTheVote: maudu'in Twitter ya kai masu nakasa rumfar zaɓe kuwa?

A watan Fabrairun 2016, ana tsaka da zaɓen fid da gwani a Amurka, wasu mutum uku, dukkansu masu nakasa, suka ƙirƙiro wani maudu'i a Twitter mai suna #CripTheVote. Su ne Alice Wong, da Andrew Pulrang, da Gregg Beratan. Ba su da ofis, ba su da wata jam'iyya a bayansu. Abin da suke yi shi ne su sa rana da lokaci, su jefo tambayoyi ɗaya bayan ɗaya kan kiwon lafiya ko aikin yi ko wahalar kaɗa ƙuri'a, duk mai nakasar da ke da waya ya shigo ya faɗi nasa. Tun daga lokacin, da wuya ka karanta rubutu kan fafutukar masu nakasa a intanet ba a kawo wannan maudu'i a matsayin abin koyi ba. Har Birtaniya ya tsallaka, inda aka yi #CripTheVoteUK a zaɓen 2017.

To mai karatu, yabo abu ne mai arha. Mu abin da ya dame mu a wannan shafi shi ne awo. Idan aka ce maka yunƙuri kaza ya yi nasara, tambayar farko ita ce: da wane mudu aka auna?

Kafin mu je can, sunan kansa yana buƙatar bayani. An kwaikwayi sunan wani tsohon kamfe na jan matasa zuwa zaɓe, Rock the Vote, sai aka sa kalmar "crip", wadda guntuwar wata kalmar zagi ce da Turawa ke yi wa gurgu. Masu fafutukar suka ɗauke ta da gangan suka mai da ita tasu. Ba duka masu nakasa ne suka ji daɗin haka ba, wasu har yau kalmar tana yi musu ciwo. Kai da ka san yadda muke ta kai-kawo tsakanin "nakasassu" da "masu buƙata ta musamman" da "masu lalura", ba sai an yi maka dogon bayani ba. Mutum kan iya kiran kansa gurgu cikin 'yan uwansa ya yi dariya, amma kai ka kira shi hakan a kasuwa ka ga yadda fuskarsa za ta koma.

Yanzu ga alƙaluma. Wasu masu bincike biyu a Jami'ar Rutgers, Lisa Schur da Douglas Kruse, sun daɗe suna bin wannan batu bayan kowane zaɓe, suna amfani da bayanan hukumar ƙidaya ta Amurka. A zaɓen 2012, kafin a san da maudu'in, kashi 56.8 cikin 100 na masu nakasar da suka isa zaɓe ne suka kaɗa ƙuri'a, marasa nakasa kuma kashi 62.5. Giɓin maki 5.7 ke nan. A 2016, shekarar da maudu'in ya tashe, masu nakasa kashi 55.9, marasa nakasa kashi 62.2. Giɓin ya zama 6.3. Ka ga ƙaruwa ma ya yi. A 2020 fitowar masu nakasa ta yi tsalle zuwa kashi 61.8, wato mutum miliyan 17.7, amma sauran jama'a ma sun yi tsallen, zuwa kashi 67.5, don haka giɓin ya koma 5.7, daidai inda yake shekara takwas baya.

Wanda ke neman ya yi wa maudu'in ba'a zai tsaya nan ya ce shi ke nan, surutu ne kawai. Wanda ke son ya yabe shi kuma zai ɗauko zaɓen rabin zango na 2022, inda giɓin ya sauko ƙasa da maki 2 daga kusan 5 a 2018, ya ce ga aikinmu. Dukkansu biyu sun wuce gona da iri. Babu Amurka ta biyu da aka yi zaɓe a cikinta ba tare da #CripTheVote ba, balle mu jera su mu kwatanta. Kuma a tsakanin nan wani abu ya faru wanda ya fi kowane maudu'i girma: annobar korona. Saboda ita jihohi da yawa suka sassauta dokar zaɓe ta gidan waya, aka ƙara kwanakin zaɓen wuri. Fiye da rabin masu nakasar da suka yi zaɓe a 2020 ta gidan waya suka yi. A binciken da su Schur suka yi wa hukumar tallafa wa zaɓe ta ƙasar, masu nakasar da suka ce sun sha wahala wajen kaɗa ƙuri'a sun ragu daga kashi 26 a 2012 zuwa kashi 11 a 2020. Idan kana neman abin da ya fi kusa da zama sanadin ƙaruwar, nan ya kamata ka fara dubawa.

Su ma alƙaluman a riƙe su da hannu biyu. Tambayar mutane ake yi ko sun yi zaɓe, kuma sanannen abu ne mutane kan ce sun yi alhali ba su yi ba. Sannan wannan ƙidaya ba ta shiga gidajen kula da tsofaffi da makamantansu, inda masu nakasa mai tsanani suke da yawa. Wato waɗanda aka fi bari a baya ba sa ma cikin lissafin.

Akwai wani sakamako a aikin su Schur da ya kamata ka tsaya a kansa, don a ganinmu ya fi duk sauran ma'ana. Da suka ware masu aikin yi kaɗai, sai giɓin ya ɓace: mai nakasa da ke da aiki yana fita zaɓe kamar kowane ma'aikaci. Me hakan ke gaya maka? Cewa nakasar ita kanta ba ta hana mutum son siyasa. Abin da ke tare da ita ne ke hanawa: talauci, da zaman kaɗaici, da rashin abin hawa, da rashin abokan aiki da za su ce maka tashi mu je. Ƙara da ginin rumfar kanta. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar Amurka ya leƙa rumfuna 178 a zaɓen 2016, ya tarar kashi 60 cikin 100 suna da aƙalla cikas guda: hawa mai tsauri, ko ƙofa matsattsiya, ko hanyar da keken guragu ba zai bi ba. Wannan fa a ƙasar da ta kafa babbar dokar kare haƙƙin masu nakasa tun 1990, ta kuma sake yin doka a 2002 cewa kowace rumfa sai ta tanadi na'urar da makaho zai yi zaɓe da ita shi kaɗai. Saƙo dubu a Twitter ba zai faɗaɗa ƙofa ba.

Sai dai adalci ya sa mu faɗi cewa su Wong ba su taɓa cewa su injin kwasar mutane zuwa rumfa ba ne. Abin da suka sa gaba shi ne a riƙa maganar nakasa a matsayin maganar siyasa, a daina kallonta a matsayin ta tausayi da sadaka. Da wannan mudu idan ka auna, sun cika shi har ya tumbatsa.

Tuna yadda abin yake a 2016. Babban labarin nakasa a zaɓen shi ne bidiyon Donald Trump na Nuwamban 2015 yana kwaikwayon motsin hannun wani ɗan jaridar New York Times, Serge Kovaleski. Aka yi ta juya bidiyon, ana ta Allah wadai. Amma ka lura, a wannan labari mai nakasa abin a tausaya masa ne, ba a tambaye shi ra'ayinsa kan inshorar lafiya ba. Tattaunawar #CripTheVote ta juya akalar zuwa can. Zuwa zaɓen fid da gwani na 2020, 'yan takarar Dimokurat suna rige-rigen fitar da kundin manufofi kan nakasa mai shafuka da yawa. A Janairun shekarar Elizabeth Warren da Pete Buttigieg kowannensu ya zauna a Twitter ya amsa tambayoyi ƙarƙashin maudu'in. Joe Biden da ya yi jinkiri, aka buɗe masa nasa maudu'in, #AccessToJoe, har ya fitar da kundinsa a watan Mayu. Ko a nan ɗin ma ba su kaɗai suka yi aikin ba, tsofaffin ƙungiyoyi na ta matsa lamba, amma zaren da ya haɗa maudu'in da 'yan takarar a fili yake, kowa ya gani.

Kuma akwai abin da sai wanda ya san zaman ɗaki zai gane darajarsa. Taron siyasa na ido da ido yana bukatar mota, da ƙarfin jiki, da zauren da ba matakala, da mai fassara da hannu. Mutumin da ke kwance da na'urar numfashi, ko wanda ciwo ke kayar da shi kwana uku a mako, babu shi a irin wannan taro. A Twitter kuwa yana kan gado yana yi wa sanata tambaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma masu raina "fafutukar kan gado" sukan manta cewa wasu gadon ne kaɗai filin da suke da shi.

To amma su wa ke cikin tattaunawar? Nan ne sukarmu ta fi nauyi. Binciken cibiyar Pew na 2021 ya nuna kashi 72 na manya masu nakasa a Amurka ne ke da babbar waya, a kan kashi 88 na marasa nakasa. Kwamfuta kuma kashi 62 a kan 81. Nakasa ta fi yawa a cikin tsofaffi, su kuma ba su cika zama a Twitter ba. Tattaunawar da saƙonni ke zubowa kamar ruwan sama cikin awa guda ta fi dacewa da mai saurin karatu da rubutu, mai ilimin boko. Mai larurar ƙwaƙwalwa, wanda a wasu jihohi kotu kan iya hana shi zaɓe idan aka sa shi ƙarƙashin waliyyi, da wuya ka ji muryarsa a can. Ga kuma batun jam'iyya. Masu maudu'in sun ce ba sa goyon kowa, amma duk wanda ya bi shi ya san galibin muryoyin na ɓangaren masu sassaucin ra'ayi ne, alhali binciken Pew na 2016 ya nuna masu nakasa sun rabu tsakanin jam'iyyun biyu kusan yadda sauran Amurkawa suka rabu. Ɗan jarida ko mai bincike da ya kwashi saƙonnin maudu'in ya rubuta "ga abin da masu nakasa ke so" ya yi kuskuren da muke yawan gargaɗi a kai: ya ɗauki waɗanda suka kawo kansu a matsayin samfurin kowa.

Kundin alƙawura kuma takarda ce. Har yau dokar ƙwadago ta tarayya ta 1938 tana ba wasu masu ɗaukar aiki damar biyan mai nakasa ƙasa da mafi ƙarancin albashi, duk da cewa soke wannan na cikin alƙawuran 2020. Mai karɓar tallafin gwamnati na SSI kuma ba a yarda ya tara sama da dala 2,000 ba, adadin da bai motsa ba tun 1989.

Lokacin da aka ga ƙarfin masu nakasa ƙuru-ƙuru shi ne Yunin 2017, da 'yan Rifablikan suka tashi rage kuɗin Medicaid, shirin da ke biyan masu kula da su a gida. 'Yan ƙungiyar ADAPT suka je ƙofar ofishin Mitch McConnell suka sauko daga kekunansu suka kwanta a ƙasa, 'yan sanda suka riƙa ɗaukarsu ɗaya-ɗaya. Hotunan suka karaɗe duniya, kuma maudu'ai irin #CripTheVote na cikin abin da ya yaɗa su. A ƙarshen Yuli ƙudirin soke dokar lafiyar ya faɗi a majalisar dattawa da ƙuri'a 51 da 49. Ba za mu ce zanga-zangar ce kaɗai ta kayar da shi ba. Amma dubi yadda aikin ya rabu: wasu sun ba da jikinsu a ƙofar ofis, wasu sun ba da yatsunsu daga gida, kuma da wuya ɗaya ya kai inda ya kai ba tare da ɗayan ba.

Sai matsalar mai gida. Duk wannan gini a filin wani kamfani aka yi shi. Da Elon Musk ya sayi Twitter a Oktoban 2022, cikin waɗanda aka sallama a watan da ya biyo har da sashen da ke kula da sauƙaƙa manhajar ga makafi da kurame. A 2023 kuma aka rufe ƙofar da masu bincike ke bi su kwashi bayanai kyauta, don haka ko bin sawun abin da maudu'in ya zama yanzu ya yi tsada. Jama'ar da aka tara cikin shekara shida ta warwatsu zuwa wasu dandali. Mu a Najeriya mun ɗanɗani irin wannan ta wata fuskar, lokacin da gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022.

Idan kana tunanin a kwafo tsarin a kawo nan, duba wannan tukun. Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci a Janairun 2019, Dokar Zaɓe ta 2022 kuma ta yi tanadin taimaka musu a rumfa, har da jagorar ƙuri'a mai rubutun makafi. Amma a rajistar zaɓen 2023 mai mutum sama da miliyan 93, waɗanda INEC ta rubuta a matsayin masu nakasa 85,362 ne kacal. Su Schur suna iya cewa giɓinsu maki 5.7 ne saboda suna da abin lissafi. Da irin wannan rajista mu ba za mu iya fitar da namu giɓin ba. Kuma mafi yawan waɗanda ake magana a kansu a Kano ko Sakkwato ko Gusau, ta rediyo da saƙon murya na WhatsApp za ka same su, ko ta hannun Sarkin Makafi da Sarkin Guragu na garinsu, waɗanda suka san kowa da sunansa da unguwarsa.